Ƙwaryar Goma

Madarumfa, 12 ga Oktoba

Zuwa ga ƙawata Hasiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna, ƙafar ta sake ta? Ki ce ina gaishe ta da kyau. Mu nan sai godiya. An yanke gero, tafki ya cika har ya cinye hanyar lambu, shi kuma maigidana Illo kullum sai ya naɗe wando ya ratsa ruwa yana mita, kamar shi kaɗai aka yi wa damina.

Ɗan Baba direba ya kawo mini saƙonki ranar Laraba. Ashe abin ya tabbata, an ɗauke ki aiki a furojen nan na karatun ƙananan yara a Maradi! Na rangaɗa guɗa a tsakar gida har kaji suka watse. Allah ya sa albarka. Amma ki sani, ko sun sa ki a mota mai sanyi suna ce miki Madam, ni Hasiyar da na sani ita ce wadda ta fasa tulu uku a bakin tafki a rani ɗaya, kowanne ta ce santsi ne.

Kin ce in ba ki labarin wasan ruwan da nake yi da yarana, kuma in rubuta a takarda, don saƙon murya ɓacewa yake a salula. Na ji daɗi, don ko darakta, shugaban makarantarmu, bai taɓa tambayata ba. Shi dai in ya ga yara a jiƙe sai ya girgiza kai ya wuce. Kin san shekara shida ke nan ina riƙe da jardan ɗin unguwarmu, wato ajin ƙananan yara, a rumfar kara, ba takardar difilom, sai yardar iyaye. Yara arba'in da 'yan kai, tabulon rubutu ɗaya, alli sai an roƙa. Da farko yadda aka yi mana nake yi musu, in faɗa su maimaita. Suna rera ƙidaya da Faransanci har ashirin kamar waƙar gaɗa, amma ki ce wa yaro ya ɗauko miki duwatsu uku, sai ya ciko hannu biyu ya kawo yana dariya.

Wata rana ana zafi suka yi cincirindo a kan randa, kowa yana kukan ruwan da aka ba wani ya fi nasa. Sai na lura, yaran da ba su san uku ba sun san wanda aka ƙwara da rabin moɗa. Nan dabarar ta faɗo mini. Bayan kamar mako guda na fito da ƙwaryar nan mai zane da kika ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, na haɗa da ludayina, na jera yara goma. Kowa ya ɗebo ludayi ɗaya daga bokiti ya zuba, sauran suna ƙirgawa. Na goma yana zubawa ƙwarya ta cika fal, ruwa ya tsaya a baki yana rawa. Ƙawata, da kin ji ihu! Tun ranar suke ce mata ƙwaryar goma. Kada ki ji haushi na fito da kyautarki rana, ba ta taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Akwai wata 'yar mitsitsiya, Dije, shekararta biyar, jikar Marka mai soya kifi. Baki gare ta, ba ta barin ta kwana. Ita ta fara gano in an zuba shida saura huɗu, kuma ba wanda ya gaya mata. Ta leƙa ƙwarya, ta dubi layi, ta faɗa. Sai da na zagaya bayan rumfa na share ido.

Yanzu ga abin da ke raina. An fara ginin aji na siminti don jardan, kuma darakta ya ce in an gama za a tabbatar da malama guda a kansa. Kin san ba ni da takarda. Rasuwar Baba ce ta fitar da ni daga kwaleji, ke kika wuce. Abin da nake da shi yaran nan ne, kuma ba na son a raba ni da su. In maganar ta biyo ta ofishinku, ki tuna da ni.

Illo yana gaishe ku. Ga busasshen kifi nan a hannun Ɗan Baba, ki ƙirga, guda ashirin ne, don na san halinsa. Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
ƙawarki Zuwaira


Madarumfa, 20 ga Disamba

Ƙawata Hasiya,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya mutanen gida? Na ji daɗi da kika ce Inna ta fara taka ƙafar. Mu ma lafiya, sai tari da ya zagaye yara ya kuma wuce. Atamfar da kika aiko ta iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Na kai ɗinki, amma ba zan sa ta ba sai ranar buɗe sabon aji.

Tambaya goma sha bakwai, Hasiya! Na ƙirga. Ko Illo da ya zo neman aurena kawunnaina ba su yi masa irin wannan titsiye ba. To bari in bi su yadda na iya, in na haɗa biyu wuri ɗaya ki raba da kanki.

Mako biyu na farko ba na koya musu komai. Bokiti biyu, gwangwanayen tumatir, murafen kwalba, su yi ta ɗiba suna juyewa. A nan suke sanin cike da rabi da wayam. Da sanyin nan ina ajiye ruwan a rana tun hantsi, sai ya huce muke farawa. Bayan nan sai ƙwaryar goma. In sun saba da cika ta sai mu juya, a riƙa kwashe ludayi ɗaya ɗaya ana faɗin abin da ya saura. Ragi ke nan, amma ba na kiran sunansa, kada ya gudu. Daga nan a raba ruwan ƙwarya a kwano biyu ba tare da an ƙwari kowa ba, kuma wannan ba sai na sa ido ba, su da kansu alƙalai ne.

Wanda ya fi wuya shi ne na kwalba da tasa. Ina zuba ludayi uku a doguwar kwalbar lemo, uku a faffaɗar tasa, a gabansu, su ne ma masu ƙirgawa. Sai in tambaya wanne ya fi yawa. Duk sai su nuna kwalba, don ruwanta ya hau sama. Dije ta kafe kwana tara a kan kwalba ta fi. Ban ce mata a'a ba, kullum dai in miƙa mata ludayi in ce ta auna. Rana ta goma ta auna na kwalba, ta auna na tasa, ta maimaita har sau uku, sannan ta ɗaure fuska ta ce kwalba maƙaryaciya ce.

Kin tambayi mene ne sirrin abin. In akwai sirri to wannan ne: ba na gaya wa yaro amsa, kuma ba na barin ya nemi amsa a fuskata. Yaranmu tun suna goye ake koya musu karatun fuskar babba. In yaro ya ɗago ido yana son ya ga ko na ji daɗi, sai in ce ya dubi ruwa, ruwa ba ya jin nauyin kowa. Ki ja layi a ƙarƙashin wannan, ya fi sauran goma sha shidan.

Ruwan da muka gama da shi ba a zubarwa. Mun dasa zogale a jikin darni, kowane yaro da nasa, gwangwani biyu kullum. Iyaye sun daina cewa ina ɓarnar ruwa tun da suka fara cin kwaɗo.

Illo ya gan ni ina ta rubutu, ya ce ruwa ba ya tsami banza, me Hasiya za ta yi da tambayoyi haka? Na ce masa ya ji da albasarsa. Dama haushi yake ji, don na hana a sha fura da ludayin nan, a akwatina yake kwana. Wai ludayi ya fi shi gata a gidan nan.

Kin ce kin yi wa shugabanku maganata, in kwantar da hankalina. Na kwantar. An ɗora wa ajin kwano, saura ƙofa da taga. Jiya na shiga ni kaɗai na tsaya a tsakiya, ina duba inda zan ajiye randa.

A gaida kowa da kowa, a shafa mini kan yara.

Taki,
ƙawarki Zuwaira


Madarumfa, 9 ga Maris

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da iyali da Inna. Mu ma muna nan. Na kira ki sau huɗu cikin makon nan, salula tana shiga ba a ɗauka, shi ya sa na koma ga takarda.

Ranar Litinin darakta ya kira ni ofis, ya miƙo mini wani ɗan littafi mai bango mai sheƙi, rabi Hausa rabi Faransanci, a kan koya wa yara lissafi da wasan ruwa. Yana ta murmushi, wai in ga abin da ƙawata ta ƙirƙiro, ni ma in ƙaru. A ƙasan bangon ga sunanki, cikakke, har da na mahaifinki.

Na karanta a tsaye. Mako biyu na farko yana ciki. Ƙwaryar goma tana ciki. Zogale yana ciki. Har kwalba maƙaryaciya tana ciki, sai dai Dije ta zama wata yarinya a wani ƙauye. Wasu wuraren ko kalma ba ki canja ba, tsokanar da na yi miki kawai kika tsame. Na bi littafin daga farko zuwa ƙarshe sau biyu ina neman sunana. A shafin godiya an gode wa shugabanku, an gode wa masu buga littafi, an gode wa wanda ya zana hoton ludayi. Layin nan da na ce ki ja wa layi shi ma na neme shi ban gani ba.

Sannan darakta ya daina murmushi ya gaya mini sauran. Furojenku da ya ƙarasa ginin ya sa sharaɗi, sabon aji sai malama mai difilom, wadda ta yi horo a kan wannan hanya. An turo wata Madam Bilki daga Gabi, wai ke kika horar da su kwana goma a Maradi. Ni kuma, saboda daɗewata, in ina so zan iya zama in riƙa ɗebo ruwan wasan da sharar aji.

Na ce ina so. Ban san lokacin da bakina ya faɗa ba. Yaran na tuna.

Hasiya, ta yiwu kuskure ne. Ta yiwu kin sa sunana masu bugawa suka yar da shi, ko shugaban ya tilasta ki, ko ba ki san da sharaɗin ba. Ki ce mini haka ne, wallahi zan yarda. Marka ta tare ni a hanya ta ce kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, na ce mata kada ta ƙara, ba ta san tsakaninmu ba.

Ɗan Baba zai dawo ranar Alhamis. Ko layi biyu ne ki ba shi.

Ina gaida Inna.

Ƙawarki,
Zuwaira


Madarumfa, 2 ga Mayu

Hasiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma Maradi lafiya ranar nan, kuma kin tarar da iyali lafiya. Alhamis bakwai Ɗan Baba yana dawowa hannu wayam, har ya fara kauce wa ƙofar gidanmu don kunya. Ba shi ya kamata ya ji ta ba.

Zan ba ki labarin ranar buɗe aji, ko da yake kina wurin, don daga inda kika zauna ba a ganin abin da na gani.

Na sa atamfarki, kamar yadda na yi alkawari. Da ita na yi sawu shida zuwa famfo kafin motocinku su iso. Da kika sauko na taho da saurina, kika ba ni yatsu uku, kika tambaye ni gida kamar wadda kika taɓa gani a wurin suna. Da baƙuwar nan mai tabarau ta tambayi ko ni wace ce, da kunnena na ji kin ce mai taimaka musu da ruwa ce. Ba ƙarya kika yi ba, a ranar aikina ke nan.

Madam Bilki ba ta da laifi a wurina. Yarinya ce mai ladabi, tsoro ne ya yi mata yawa. Tun zuwanta na ara mata ƙwaryata da ludayina, da su take aiki, kuma komai yana tafiya daidai. Sai ga shi kun zo da sababbin ƙore da ludaya daga kasuwar Maradi, an shafe su da fenti. Kika dubi tsohuwar a kan tabarma kika ce a kawar da ita, ba za ta yi kyau a hoto ba. Ban sani ba ko ba ki gane ta ba ne, ko kin gane.

Ina ganin sabon ludayin na san za a samu matsala, don ya fi nawa girma sosai. Ga abin da ban taɓa rubuta miki ba, ba don rowa ba, don ban zaci sai an faɗa ba. Ludayi ba awo ba ne, Hasiya. Kowane duma da girman da Allah ya ba shi. Ke da Inna ta raine ki da sana'ar koko, kin fi kowa sani. Makon nan da na ce miki na yi kafin in fito da ƙwarya, zama na yi da wuƙa ina kankare bakin ludayi kaɗan kaɗan ina gwadawa. Huɗu na ɓata kafin na biyar ya cika ta a kan goma cif. Shi ya sa yake kwana a akwati. Ranar buɗe ajin na matso in raɗa miki wannan, kika ɗaga mini hannu kika ce sai an jima.

Aka jera yara goma. Ɗaya, biyu, uku. A na bakwai ƙwarya ta cika har tana tumbatsa. Yara uku suka rage a layi, ta takwas kuwa Dije ce. Madam Bilki ta dubi littafi, littafi ya ce goma. Ta dube ki. Dije ta riƙe ludayi ta ƙi zubawa, ta ce da ƙarfi ta cika, bakwai ne. A zuciyata na ce yawwa, ga dama ta samu. Da kin ce a dubi ruwa, a tambayi yara me ya sa yau bakwai, da su da kansu sun gano ludayin ne babba, da baƙinku sun ga abin da ba su taɓa gani ba.

Sai kika taso kina murmushi, kika durƙusa, kika kama hannun Dije kika juye mata shi. Kika ce takwas, yara suka amsa. Tara, goma. Ruwa yana malala a kan sabon siminti har ƙarƙashin kujerun baƙi, ana tafi, ana ɗaukar hoto. Ni na goge wurin bayan kun tafi.

Suna kika ɗauke mini, na ce wataƙila akwai dalili. Aji kika ɗauke mini, na ce rabo ne, kuma da ma ba ni da takarda. Na yi ta nema miki uzuri har Illo ya fara tausayina. Amma shekaranjiya Dije ta biyo kakarta gidanmu, na ɗauko kwano da moɗa na ce ta ƙirga mini. Ta zuba huɗu kwano ya cika. Na tambaye ta nawa ne. Hasiya, ba ta dubi kwanon ba. Fuskata ta tsura wa ido, tana jira ta ga nawa nake so ya zama. Yarinyar da ta kafe kwana tara a kan kwalba. Wannan ne ban iya nema miki uzurinsa ba. Kin ci amanata, na faɗa, kuma ba zan janye ba.

Na ji an ce littafin zai shiga jardan talatin, daga Safo har Ɗan Issa. Don haka ga ƙwaryar nan da ludayin na ba Ɗan Baba ya kawo miki. Ki gwada da hannunki, goma ne. Ki nuna wa waɗanda kike horarwa, ki ce kowace ta kankare nata ludayin har ya dace da ƙwaryarta. In kuwa bai dace ba, a bar yara su faɗi abin da suka gani. Ki ƙara wannan a littafin, ki sa sunanki a kansa shi ma, ban damu ba. Kada dai a ƙara kama hannun ɗan kowa.

Ni zan ci gaba da ɗebo ruwa har a yi hutu, don zogalen yara kada ya bushe. Na sayi wata ƙwarya marar zane a kasuwa, na fara kankare wani ludayin. Marka ta yarda Dije ta riƙa zuwa wurina bayan la'asar. Ban san kwana nawa za a ɗauka kafin ta koma duban ruwa ba.

Ranar da kika ba ni ƙwaryar nan a ƙofar ɗakina, kin ce muddin tana ɗakin ke ma kina ciki. Shekara goma sha ɗaya tana nan. Na wanke ta, na naɗe ta a cikin atamfar don kada ta fashe a hanya. Ba sai kin ba Ɗan Baba amsa ba, na ce masa ya daina tsayawa.

Ki gaida Inna da kyau, Allah ya ƙara mata sauƙi. Ita ta zana ƙwaryar da hannunta, za ta gane ta ko daga nesa. In ta tambayi abin da ya dawo da ita, ki gaya mata a ludayi na nawa ruwa ya cika ranar nan.

Wassalam.

Zuwaira, matar Illo